Goron Makwabta da Samfurin Malama Ladidi

Tun da na dawo daga kudancin Kano abokan aiki suka sa ni gaba da tambaya. Malami zai shigo laburare neman littafi, sai ya dafa tebur ya ce, "Malam Habibu, yaya Doguwa?" Na ba da labarin a ɗakin malamai, na ba da shi a majalisarmu ta ƙofar gida, har na lura duk bayarwa sai na ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina kula da laburaren wata makarantar sakandare a cikin birni. Ni mutum ne da ba na iya wuce littafi a kan kantar da ba tasa ba. Maiɗakina tana cewa ko takalman baƙi na gani a ƙofar ɗaki sai na jera su. Da yamma kuma ina cikin masu aikin sa kai a wani kundin ilimi na Hausa da ke intanet, irin wanda ake kira wiki, wanda kowa yake iya gyarawa. Wasu maƙala suke rubutawa, ni ban cika rubutu ba. Nawa aikin samfura ne. Samfuri ɗan akwati ne da ake ginawa sau ɗaya, sai a riƙa kiransa a shafuka da yawa, kamar akwatin nan da ake gani a shafin gari mai faɗin jiharsa da ƙaramar hukumarsa.

A bana muka ɗauki aikin rarraba samfuran rukuni-rukuni. Sun yi yawa, sabon edita ba ya sanin wanda zai ɗauka, kuma yawancinsu a faffaɗan allon kwamfuta aka gina su, in an buɗe a waya sai su ɓalle ta gefe. Muka tsayar da manyan rukunai biyu. Na farko samfuran bayani, waɗanda za a gyara su zauna daidai a waya. Na biyu samfuran kewayawa, waɗanda aikinsu kawai su tura mai karatu wani shafin. Duk wanda ya faɗa rukuni na biyu ana ɓoye shi daga waya, sai mai kwamfuta ne zai gan shi. Tsarin ya kwanta mini a rai, don da ni aka yi shi.

Ana cikin haka na ci karo da wani samfuri mai suna "Makwabtan Da". Wata tsohuwar hedimistires ce ta gina shi, Malama Ladidi, mai zama a Tudun Wada, ta sa shi a shafukan ƙauyukan da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye. Siffarsa kamar mararraba: sunan ƙauyen a tsakiya, sunayen makwabtansa huɗu a kewaye, kowanne mahaɗi ne da ake latsawa. A ido kam na kewayawa ne ba musu. A waya rabinsa ba ya fitowa. Ga shi kuma ta sa gabas a sama, arewa a hagu, abin da ko ɗan firamare zai ce kuskure ne. Na sanar cewa zan sa shi a rukuni na biyu. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara, ashe Malama Ladidi ce.

"Kai ne Habibu? An ce kai ne za ka ɓoye mini akwati."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ɓoyewa ba ce gaba ɗaya. Mai kwamfuta zai gani."

"A ƙauyukanmu wa ka sani da kwamfuta? Kafin ka taɓa shi ka zo ka gani."

Sai na ji wata murya ta karɓi wayar. 'Yarta ce, Hauwa, ma'aikaciyar jinya. Ta ba ni haƙuri, sannan ta rage murya ta ce idon mahaifiyarta yana tafiya, likita bai ba su wani fata ba. Ta ce shekaru ta yi tana haɗa abin nan tun da ta yi ritaya, kuma in aka ɓoye shi daga waya, mutanen da ta yi dominsu ba za su ƙara ganinsa ba, ita kuma ba ta da sauran idon sake gina wani. Dama akwai horar da sababbin editoci da aka ɗora mini a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Nasiru, mai tsara mana ayyuka, ya ce in tafi, in na dawo in sa samfurin inda ya dace a rufe magana.

Na shiga mota a ƙarshen damina, aka matse ni tsakanin wani mai buhun taki da wata baiwar Allah mai kwandon kaji. A Bebeji ajin firamare aka ba mu. Sabis kuwa ya ƙi shiga ajin, sai a gindin wata darbejiya da ke bayan makaranta yake tsayawa, don haka muka kwashi bencina muka koma can. Kowa da wayarsa, babu kwamfuta ko ɗaya in ban da tawa, wadda cajinta ya ƙare kafin azahar.

Masaukina gidan Alhaji Sale ne, dillalin kifi a gefen Tiga, wanda Malama Ladidi ta haɗa ni da shi. Mutumin Kukar Malle ne, ɗaya daga ƙauyukan da ke ƙarƙashin ruwa. A birni kifi abin marmari ne a wurinmu. A gidan Alhaji da safe kifi, da rana tuwon masara da miyar kifi, da na ce na ƙoshi aka ce ai wannan soyayye ne, daban yake. Na tarar da gidan a hargitse, ana shirin ɗaurin auren ɗansa. Bayan la'asar muna zaune a zaure ya ciro waya ya buɗe shafin Kukar Malle. Na ga yana jan allon da yatsa, hagu da dama, don ya ga ɓangaren akwatin da ya ɓace. Ya saba da hakan har bai san matsala ba ce.

Na ce, "Alhaji, me kuke dubawa a nan?"

Ya ce, "Ni ba na dubawa, Malam, na haddace. Yaran nan nake nuna wa. Su a nan aka haife su, in ka ce musu gabas sai su nuna maka gidan mai."

Nan ya yi mini bayanin goron makwabta. A da, in za a ɗaura aure ko za a yi suna, kafin a gaya wa kowa sai an kai goro ƙauyuka huɗu da ke kewaye. Ana fara wa da gabas, sai kudu, sai yamma, a ƙare da arewa. Da ruwa ya zo aka watse. Mutanen gabas, na Rafin Ɗinya, suna nan kusa da su a Bebeji. Na kudu, mutanen Tsamiyar Goma, suka zauna a Badafi ta ƙasar Kiru. Na yamma, Gidan Kanya, suna Tudun Wada. Na arewa kuwa, mutanen Marken Liman, suka bi dangi har Doguwa, wato su ne yanzu suka fi kowa nisa a kudu, amma har gobe mutanen arewa ake ce musu. Goron bai fasa zagayawa ba. Mu a birni kati muke bugawa, ko a jefa saƙo ɗaya a waya kowa ya gani lokaci guda, wanda bai gani ba ya yi kuka da kansa.

Da na gaya masa hanyata sai ya tafa hannu. Ya ce, "Ikon Allah! Kiru, Tudun Wada, Doguwa? Ai kai Allah ya aiko. Gabas ta riga ta karɓa jiya."

Na so in ce ni baƙo ne, ba ɗan gari ba. Ya ce ɗan aike ba ya buƙatar asali. Da safe aka kawo mini ƙulli uku na goro, an naɗe da ganye a cikin jiƙaƙƙen algarara. Ya gargaɗe ni in riƙa yayyafa masa ruwa, kada in bar shi a rana, kada kuma in tsallake wani gari in fara da na gabansa. Na cusa su a jaka tare da takardun horarwa. Kafin mu kai Kiru takardun sun sha ruwa, sun yi ja-ja, sun manne da juna.

A Kiru horarwar ta tafi lami lafiya, sai dai da baki na yi ta, tunda takardu sun zama abin da suka zama. Daga nan na ɗauki acaba zuwa Badafi. Mai babur ɗin dattijo ne mai furfura, ba ya gudu, ba ya magana. A wani rafi ya ce in sauka in taka, na taka, laka ta karɓe mini takalmi ɗaya. Ya tsaya yana kallona ina lalube, da na samo ya ce, "Na birni ne ko?" Ban san ko takalmin yake nufi ko ni ba.

Na sami mai unguwar mutanen Tsamiyar Goma zaune a ƙofar gida da 'yan dattawa, ana ɓarar masara. Na yi sallama, aka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda sai da aka tambayi ruwa da gona da iyali da gajiya, sannan aka sake zagayowa. Na ciro ƙullin na miƙa masa kamar mai kai saƙon tasha, na ce ga goro Alhaji Sale ya ce a kawo. Bai miƙo hannu ba. Hannuna ya yi ta rataye a iska.

Ya ce, "Gabas ta karɓa?"

Na ce ta karɓa.

"Madalla. To daga ina?"

Na ce, "Daga Tiga, ranka ya daɗe."

Dattawan suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ɗaya ya matso ya raɗa mini abin da ake faɗa. Sai in ce daga Kukar Malle, arewa da ku. Halina ya motsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ai Tiga ba arewa take da nan ba. Ta wajen gabas take."

Mai unguwa ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Tiga kam haka take, Malam. Kukar Malle arewa take da mu, kuma ba mu ji ta motsa ba."

Na faɗa yadda aka ce in faɗa. Ya karɓa da hannu biyu, aka yi addu'a, nan take aka kwance ƙullin aka shiga aikawa gida-gida. Aka kawo mini fura da nonon da wata Bafulatana ta kawo daga rugar da ke bayan gari, da dafaffiyar masara. A soro na kwana, ni da sauro da buhunan dawa. Da safe na tarar an wanke mini takalman an jingine su a rana, ban san wanda ya yi ba.

Daga nan sai Kwanar Dangora, inda ake jiran motar Tudun Wada ta cika. Wanda bai taɓa jiran mota a mararraba ba bai san tsawon yini ba. Na ba mai caji kwamfutata, na sayi gurasa da tsire, na zauna a bencin mai shayi tsakanin direbobin manyan motoci. A nan dabara ta zo mini. Tunda goron yana da tsari, me zai hana in rushe mararrabar in mai da ita jeri ɗaya daga sama zuwa ƙasa: gabas, kudu, yamma, arewa? Jeri yana zama daidai a kowace waya. Sai in sa shi a rukunin bayani, kowa ya huta. Kafin kwandasta ya fara kiran fasinja na karɓo kwamfutar na gama gwajin, na buɗe a wayata, ya zauna tsaf. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na ƙara shayi.

Na shiga Tudun Wada ranar kasuwa. Shanu ta nan, buhunan shinkafa ta can, mota ba ta tafiya sai da rarrashi. A horarwar mata sun fi maza yawa, kuma kusan rabinsu tsofaffin ɗaliban Malama Ladidi ne, da na ambaci sunanta sai na ga sun gyara zama. Goron Gidan Kanya a zaure na ba ƙanenta, wanda shi ne mai unguwarsu. Wannan karon ban yi abin kunya ba. Ya ce gabas da kudu sun karɓa? Na ce sun karɓa. Ya ce daga ina? Na ce daga Kukar Malle, gabas da ku. Ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce laka da dariyar dattawan Badafi.

Aka yi mini iso cikin gida. Malama Ladidi doguwa ce, siririya, da tabarau mai kauri. Tana zaune a kan darduma da wata tsohuwar kwamfuta a gabanta, an ƙara girman haruffan har kalma uku suke cika allo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce in matso inda haske yake, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce muryata ta fi ni girma.

Ba ta yi mana da sauƙi ba. Ta ce mu editocin birni masu shara ne, abin da ba mu gane ba sai mu tura shi bayan ƙyaure. Ban musa ba, amma na gaya mata gaskiya cewa cikin samfurinta a cukurkuɗe yake, tebur cikin tebur, kowane gida an ba shi faɗin da ko kwamfuta da ƙyar take ɗauka. Ta ce, "Bayan na yi ritaya na koyi abin nan, da yatsa biyu. Ban ce na iya ba." Na tayar da maganar arewa da ya kamata ta zauna a sama.

Ta ce, "Habibu, shekara da shekaru ina koyar da taswira, arewa a sama, na kuma zane yaran da suka juya ta. Wannan ba taswira ba ce. Mutum ne tsaye a ƙofar gidansa ya fuskanci alƙibla. Gabansa gabas, damansa kudu, bayansa yamma, hagunsa arewa. Haka goron yake zagayawa."

Sai na ciro wayata na nuna jerin da na gina a Kwanar Dangora. Ta kai shi dab da fuskarta, ta janye, ta miƙa wa Hauwa ta karanta mata. Hauwa ta dube ni da alamar fata, don ita so take a gama a huta.

Malama ta ce, "Tsarin ya yi daidai, ban ga kuskure ba. Amma layin asambuli ne." Ta cire tabarau ta goge. "Gobe Doguwa za ka. Tabawa ce za ta karɓi goron arewa, ita kaɗai ta rage a cikin mutanen Marken Liman da suka taso da wayonsu. Ka nuna mata. In ta gane, na yarda, ka yi yadda ka so."

Kafin in fita na tambaye ta dalilin da ya sa sunan Marken Liman yake ja a akwatin. A wiki mahaɗin da yake da shafi shuɗi ne, wanda ba a rubuta komai a kansa ba ja ne. Ta ce ta rubuta na sauran domin ta san su, ko ta sami masu ba ta labari. Na Marken Liman kullum tana cewa sai ta je Doguwa da kanta, har ido ya riga ta. Aka kawo dambun shinkafa da zogale, na ci ita tana sauraron ko na ƙara.

Hanyar Doguwa ta cikin dajin Falgore take bi. Direba ya kashe rediyo da muka shiga, fasinjoji suka rage hira, wasu suka ciro carbi. Ban ga komai ba sai birai a bakin titi suna kallon motoci. A wani shingen jami'an tsaro aka ce kowa ya buɗe jaka. Jami'in ya ga algarara ya ce mene ne, na ce goro. Ya yi murmushi ya ce ba za a ɗan taɓa ba? Na ce amana ce, na makwabta ne. Wata dattijuwa a bayan mota ta ce, "Bar shi, ɗana, goron aure ne, ba a kwance shi a hanya." Ya ce Allah ya sa alheri, ya ɗaga mana hannu.

Doguwa wata ƙasa ce daban. Ga duwatsu, ga sanyi da safe kamar ba Kano ba, ga masara ko'ina. Nan ne bakin iyakar jiha, a tasha za ka ji Hausa iri-iri da wasu harsunan da ban sani ba, kuma rabin motocin ba Kano suka nufa ba. Masaukin da aka kama mini ruwan wankansa sai da na yi shahada kafin in zuba. 'Yan horarwar ba su da yawa, amma sun fi na ko'ina tambaya.

Gidan Iya Tabawa yana bayan gari, a bakin wata gonar masara. Matar jikanta ce ta shigar da ni. Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a tabarma tana tsince wake. Na gaishe ta na ce goro na kawo. Ta ture faifan gefe, ta gyara lulluɓi, ta miƙe zaune sosai.

"Gabas ta karɓa?"

"Ta karɓa, Iya."

"Kudu fa? Yamma?"

"Duk sun karɓa."

"To daga ina, ɗan nan?"

"Daga Kukar Malle, kudu da ku."

Ta karɓa da hannu biyu ta yi addu'a mai tsawo, ta ambaci uban Alhaji Sale da kakansa. Sannan ta kwance ƙullin. A Badafi a daidai nan ne aka fara kiran gidajen da za a aika wa. Ita ta dubi goron, ta ɗauki ɗaya ta ɗaure a bakin zane, ta ce wa matar jikanta ta raba wa makwabta sauran, ko da yake ba 'yan can ba ne. Ta ce mazan sun rasu, 'ya'yan sun bi Saminaka da Jos da Kano. Ba da kuka ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin kasuwa. Ni dai na ji tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Na ce Malama Ladidi ta ce in nuna mata wani abu. Ta ce, "Ladidi 'yar Gidan Kanya? Mai bakin nan? Tana nan?" Na ce tana nan, tana gaishe ta. Na buɗe jerina, na karanta mata sunayen daga sama zuwa ƙasa, don ba ta yi boko ba.

Ta ce, "Ina mu?"

Na nuna mata layin ƙarshe.

"Ƙarƙashin Gidan Kanya? Yaushe muka koma can? Ai tsakaninmu da su akwai fadama, da damina sai an zagaya ta Kukar Malle."

Na yi bayanin cewa tsarin goro ne. Ta ce ta san tsarin goro, amma ita ba ta ga gari a nan ba. Sai na buɗe mata tsohon, na Malama, na matse allon da yatsu har mararrabar ta fito duka, haruffan sun zama ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta ce wanne ne sama? Na ce gabas. Ta karɓi wayar, ta juya a kan tabarma har ta fuskanci alƙibla, ta kwantar da ita a tafin hannu kamar faifai. Ta ɗora yatsa a tsakiya ta ce Kukar Malle. Ta zame shi hagu.

"Ga mu nan."

Daidai ta ɗora. Ta ƙura ido ta ce, "Me ya sa namu ja ne, na sauran ba ja ba?"

Na ce, "Domin ba a rubuta komai a kanku ba tukuna, Iya."

Ta miƙo mini wayar. Ta ce, "To gyara zama."

Har aka kira la'asar tana faɗa ina rubutawa. Itacen marken da aka sa wa garin sunansa, da limamin da ya fara sauka a gindinsa, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da unguwar maƙera, da inda maƙabarta take. Wani wurin ta ce in goge, ta tuna ba haka ba ne. Na san Nasiru zai tambaye ni madogara, na bar wannan sai na koma.

Da na dawo Kano na watsar da jerina. Na zauna na warware samfurin Malama, na cire teburan da ke cikin tebur, na rage faɗin gidajen, har mararrabar ta zauna a ƙaramin allo ba tare da an ja ta ba. Ya ci mini yammaci da yawa. A taronmu na ce rukunin bayani zan sa shi. Nasiru ya ce duk mahaɗai ne a ciki, yaya zai zama na bayani? Na ce a duk tafiyata ban ga mutum ɗaya ya latsa su don ya tafi wani shafi ba, kallonsa suke yi su san inda suke. Ya ce to a mai da arewa sama. Na ce ba taswira ba ce. Aka yi ta ja, wasu ba su gamsu ba har yau, amma aka bar shi yadda na kawo.

Ranar da ya hau na kira Hauwa na ce ta buɗe shafin Kukar Malle a wayarta ta nuna wa Malama. Ta ce Mama ta daina ganin rubutu tun makonnin baya, ko manyan haruffan ma. Amma ta ce in tsaya, ta sa wayar a amsa-kuwwa. Na ji takunta, na ji ta ce, "Mama, Malam Habibu ne, ya gama."

Muryar Malama ta fito. "Ya fito duka, ko sai an ja?"

"Duka, Mama."

"Me ke sama?"

"Gabas. Rafin Ɗinya."

"Dama?"

"Tsamiyar Goma."

"Hagu?"

"Marken Liman."

"Har yanzu ja ne?"

"A'a, Mama. Shuɗi ne."

Sai na ji Malama ta ce, "Wa ya rubuta?" Hauwa ta ce Iya Tabawa ce ta faɗa, Malam Habibu ya rubuta.

Malama ta ce, "Latsa. Karanta mini."

Sun manta ina kan layi, ni kuma ban kashe ba. Ina tsaye tsakanin kantocin littattafai na ji Hauwa ta fara: "Marken Liman gari ne arewa da Kukar Malle."